Yadda Muka Fitar da Hotunanmu Daga Kyamara Zuwa Bango a Maradi

Mu takwas ne, kuma a cikinmu babu mai cin abinci da hoto sai mutum ɗaya, shi ma ya daɗe da rufe shago. Akwai malamin lissafi, da tela, da mai gyaran waya, da ɗalibai biyu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, sai ni mai tsaron shagon kayan gini, sai ƙanwar malamin lissafin. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta zama fada, wato majalisarmu ta hira da shayi, amma tana aiko da memorinta ta hannun yayanta. Na takwas shi ne dattijon da muke kira Baba, wanda ya yi zamanin fim, lokacin da ake tara hotunan biki a kai wanki a yi ta jira. Duk Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa a ƙofar gidan tela a unguwar Zariya, a ɗora shayi, a buɗe kwamfuta, kowa ya nuna abin da ya ɗauko a makon, a yaba ko a kushe. Mun fi shekara biyu a haka, sai wata rana Baba ya ce hoton da ba a wanke ba bai gama zama hoto ba. Daga nan maganar baje koli ta taso. Mun ɗauka aikin mako uku ne, sai ga shi ya ci mu kusan wata uku, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, kuma rabin wahalar ni na jawo wa kaina. Na rubuta wannan ne don wata fadar da ke da irin wannan niyya ta san inda ramukan suke.

Kyamarata Nikon D3100 ce, ta hannu, ƙirar 2010, da gilashinta na 18-55. Wani ɗan'uwa ya sayo mini ita a Kano, ta biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, tun kafin a rufe iyaka a 2023. Hoton da take ɗauka faɗinsa fiksal 4608 ne, tsayinsa 3072, megafiksal 14 ke nan da ƴar ɗoriya. Ku riƙe wannan lamba ta 4608, za ta dawo gaba. Game da kuɗi kuma, don ƴan'uwa na Najeriya: jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala ɗaya sefa 5. Kowannenmu ya zuba jika 15, muka tashi da jika 120, muka damƙa wa malamin lissafi ajiya.

Matakin farko zaɓe ne. Kowa ya kawo hoto 10 a kile, wato filas ɗin da ake sokawa a kwamfuta, 80 ke nan, ana neman 30. Lahadin farko ta kusa raba fadar. A da in an kushe hotonka dariya ake a wuce, amma da aka ce bango za a hau, kowa ya zama lauyan nasa. Malamin lissafi ya nuna tabkin Madarunfa da hantsi, Baba ya karkata kai ya ce, "Malam, a tare ruwan nan kada ya zube mana a tabarma." Gaɓar ce ta karkace, shi kuwa bai taɓa lura ba. Tela ya kawo jar akuyar Maradi, ya ƙara mata launi a kwamfuta har ta koma kalar tumatir. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya kawo dattawa cikin fararen manyan riguna ranar idi, rigunan sun fito tas, fuskokin kuwa baƙi ƙirin. A nan Baba ya tsaya ya yi mana karatu. Ma'aunin hasken kyamara, in ji shi, kullum ƙoƙarinsa ya mai da duk abin da ya gani tsaka-tsaki. In farar riga da farin sama suka cika hoton, sai ya zaci haske ya yi yawa, ya rage, fuska ta nutse. Maganin shi ne ka ƙara haske da hannunka, +0.7 ko +1, sannan ka duba allo ka tabbata rigar ba ta ƙone ba. Tambayarsa ɗaya ce ga kowane hoto: "Mi ka so mu gani?" In ka fara kame-kame, an wuce. A ƙarshen zaman ɗalibin nan ya ɗauki kilensa ya tafi bai sha shayi na uku ba.

Lahadi ta biyu muka sake dabara, kuma ita nake ba kowa shawara. Mun rage zuwa 50, muka wanke su ƙanana, santimita 10 da 15, a kan dala 30 kowanne, jika 7 da rabi duka. Muka shimfiɗa su a tabarma ba suna, aka ba kowa ƙwayar gyaɗa 30, ka ɗora ɗaya a kan duk wanda ka ga ya isa, ban da naka. Tabbas mun san na juna, amma gyaɗa ba ta gardama, kuma hoto a takarda yana tona abin da allo ke rufewa. Wasu da muke tafa wa a kwamfuta sai suka zama ba komai, wasu marasa hayaniya suka tashi. Nawa huɗu suka tsallake, biyu ma suka shiga cikin shida na sama da aka ce za a wanke manya: masunta biyu a kwalekwale a Madarunfa da asuba, da wani mahayi a hawan babbar salla kusa da fadar Sarkin Katsinan Maradi, dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, ƙura ta tashi ta bayansa rana ta keto ta cikinta. Wannan na ɗauka a saurin 1/1000 na daƙiƙa, ina durƙushe, kuma ban taɓa yin irinsa ba. Gyaɗa 7 ya samu cif, ba wanda ya tsallake shi. A daren nan da ƙyar na yi barci.

Muna shirin tafiya wanki sai saƙon ma'aikaciyar jinya ya zo ta bakin yayanta: mutanen da ke cikin hotunan, an tambaye su? Muka yi tsit. Da muka ƙirga, 17 cikin 30 akwai fuskar da za a iya ganewa, kuma Maradi ba birnin da baƙo ke ɓacewa ba ne, wanda ka rataya da safe kawunsa zai gani da yamma. Muka rubuta gajeriyar takarda da Hausa da Faransanci: na yarda a nuna hotona a wuri kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, ba don sayarwa ba. Sa hannu ko dangwale. Muka sayi ƙaramin tawadar dangwale, kowa ya ɗauki ƙananan hotunansa ya shiga nema. Wannan matakin shi ya cinye watan Nuwamba kusan duka, domin ranar ɗauka babu wanda ya tambayi kowa sunansa ko garinsu.

Madarunfa sau biyu na je a babur. Zuwan farko kai tsaye na nufi bakin tabki ina nuna wa mutane hoto, kowa ya kalla ya ce bai san su ba. Daga baya na gane sun san su sarai, ni ne ba su sani ba, ga baƙo da takarda da tawada. Zuwa na biyu na bi ta hannun wani abokin cinikina ɗan garin, ya kai ni wurin wani dattijo da masunta ke jin maganarsa, muka gaisa, na ajiye goro, na faɗi abin da ke tafe da ni. Kafin a gama shan ruwa an kira mutanen, wa da ƙane ne. Suka dangwala, suka ce in kawo musu nasu. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a babbar kasuwa kuwa sai ranar Litinin na same ta. Ta riƙe hoton nesa da ido ta ce, "Ɗana, mi za ka yi da hoton tsohuwa?" Na ce, "Inna, bango za mu sa shi mutane su gani." Ta ce, "Su ga mi, haƙora babu?" Maƙwabtanta suka yi ta dariya. Daga ƙarshe ta yarda, da sharaɗin in rubuta layin da take zama a ƙasan hoton don masu saye su san hanya. Na rubuta.

Mahayin nan kuwa ta dokinsa aka gano shi. Na je ƙofar fadar sarki da ƙaramin hoton, na gaida wani bafade, ya duba bai ko kalli fuskar ba ya ce dokin ya sani, da kayan da ke jikinsa. Ya haɗa ni da yaro ya raka ni wani gida a tsohuwar unguwa. Mutumin dattijo ne mai fara'a. Ya daɗe yana kallon hoton, ya kira ƴaƴansa, ya sa hannu, sannan ya ce, "Yaro, in kun gama, ina son babba irin wanda za ku sa, in rataya a zaure." Na ce, "Alhaji, an gama, alkawari ne." Da na san abin da ke gaba da ban saki baki haka ba.

Ba duka aka yarda ba. Hoton da ya fi kowanne a wurina na ma'aikaciyar jinya ne, wata matashiya tana jan guga a gonakin rani na wajen Jiratawa. Ita da kanta ta koma. Matar ta yarda, mijin ya ce a yi haƙuri, iyalinsa ba ta bango ba ce. Ta bar musu ƙaramin hoton ta dawo, muka sa wani a gurbinsa. Hotunan almajirai biyu ma mun cire, domin yaro ba ya ba da izinin kansa, kuma ba mu gano malamansu ba. A ganina wannan cirewar ta yi mana amfani. Mu masu yawo da kyamara mun cika son talaka da yaro da tsoho, kuma in za mu faɗi gaskiya, wani lokaci dalilin shi ne ba sa iya hana mu.

Ana cikin wannan muka fara neman zaure. Mun sa ido a kan na wata cibiyar matasa. Zuwan farko mai gadi ya ce shugaban ya fita, in dawo gobe. Gobe na zauna a benci daga ƙarfe 9 har kusan azahar. Da na shiga, mutumin ya saurare ni da kyau, ya ce magana ta baki ba ta shiga fayil, in rubuto takardar neman izini, wadda a nan muke ce wa demand, da hannu, da Faransanci, in sa ranakun da muke so, in manna timbir, wato kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma, in haɗa da fotokwafin katin ɗan ƙasa da jerin sunayenmu. Ya tambaya ko ƙungiya ce mai rajista. Na ce fada ce kawai. Ya ce to mutum ɗaya zai sa hannu ya ɗauki alhakin komai, in kujera ta karye shi za a nema. Malamin lissafi ya rubuta, ni na sa hannu, timbir na dala 40. Na kai, sakatare ya karɓa ya sa a tire, na yi godiya na fita. Bayan kwana takwas na koma, aka ce ba a ga takarda ba. Ba ni da kwafi, ba ni da shaidar na kawo. Muka sake rubutawa, wannan karon na yi fotokwafi, na tsaya har aka buga hatimi da kwanan wata da lamba a kan nawa kwafin. Bayan kwana huɗu amsa ta fito: an ba mu kwana uku, mu biya jika 15 na shara da wuta da mai gadi, kuma ba a buga ƙusa a bango.

Shugaban ya ƙara da cewa tunda jama'a za su taru, mu sanar da ofishin magajin gari a rubuce. A nan na yi wani shirmen. Birnin Maradi gunduma uku ne, ni kuwa na kai takardar gundumar da nake zaune, alhali zauren yana wata. Na bi layi na awa ɗaya da rabi kafin a ce mini ba nan ba ne. Kafin in isa can an tashi, domin Juma'a ce, rabin wuni ake. Litinin na koma. Jami'in da na samu ya nemi ganin abin da za a nuna, sa'a ƙananan hotunan suna aljihuna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani na mai gyaran waya, hoton masu adaidaita sahu a titi. Ya sa yatsa a kusurwa, inda motar jami'an tsaro ta leƙo da rabin jikinta. Ya ce, "Wanga ku cire shi." Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ja ba. Dama kowa ya san ba a ɗaukar bariki da shingen bincike da filin jirgi, amma mu takwas mun kalli hoton nan sau da yawa ba wanda ya ga motar. Muka yanke kusurwar a kwamfuta, na koma na nuna masa, ya buga hatimi. A nan ban biya komai ba sai timbir. Mai unguwar wurin kuma ba takarda ya nema ba, gaisuwa ce da goro, kuma kada ku tsallake ta.

Farkon Disamba muka zo wanki. An yi ciniki da wani shago: 20 da 30 a kan jika 1 da rabi, guda 24, sai 30 da 45 a kan jika 4, guda 6. Jika 60 ke nan. Muka zaɓi takarda maras sheƙi, domin mai sheƙi tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila kuma tana riƙe sawun yatsa. Aka ce kowa ya kai nasa a kile. Ni ranar shago ya cika, siminti ya sauka, sai na tura manyan nawa biyu ta WhatsApp zuwa lambar yaron shagon, na ce ya wanke kafin in zo. Da yamma na isa, ya warware mini takarda. Jikina ya yi sanyi. Gashin wuyan dokin ya zama kamar an shafa da yatsa, fuskar Alhaji ta narke, ƙurar da nake taƙama da ita ta koma dabbare-dabbare. Na fara faɗa ina cewa injinsu ne. Yaron bai ce komai ba, ya juyo da kwamfutar ya nuna mini girman abin da na turo: faɗin fiksal 1600. Laifin nawa ne. In ka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar tana rage shi don ya yi saurin tafiya. In kana son ya isa yadda yake, a matsayin fayil ake tura shi. Jika 8 daga aljihuna suka tafi.

Lissafin ba shi da wuya, malamin lissafi ya yi mini shi a bayan rasit. Wanki mai kyau yana son kusan ɗigo 300 a kowane inci, inci kuwa santimita 2.54 ne. Santimita 45 ya kusa inci 18. Raba 4608 da wannan, ka sami wajen 260, ya isa sosai ga hoton bango. Raba 1600, ka sami 90. A 10 da 15 kuwa, 1600 ɗin nan yana ba da wajen 270, shi ya sa ƙananan da muka zaɓa da gyaɗa suka fito lafiya, ba wanda ya ga alamar komai.

Na ce ba komai, in kawo na asali. Na masunta na same shi a memorina na biyu. Na mahayi babu. Da na zauna na bi sawu sai na tuna: bayan salla na kwashe hotunan zuwa waya, na rarraba wa abokai, sannan na goge memorin gaba ɗaya don wani sunan gidanmu. Wayar kuma ta faɗa ruwa da damina, aka canza. Wanda ke kilena kwafin da tela ya dawo mini da shi ne. Mai gyaran waya ya kwana biyu a kan memorin da manhajar dawo da fayil. Ya ce in da ban sake ɗaukar komai a kai ba da an dace, domin gogewa ba ta share hoton nan take, sai sabo ya hau kansa. Ni kuwa ɗaruruwa na ɗora tun daga lokacin. An dawo da hotunan suna da na wani ɗaurin aure, doki ko ɗaya babu. Na bi duk wanda na taɓa tura wa, kowa 1600 ɗin ce a wurinsa. Baba bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "Tun ran gini ran zane, yaro." Aka ba hoton ɗalibin da ya yi fushi gurbin babban, ni kuma aka ce in sa nawa ƙarami in ina so.

Daga nan muka daina gaggawa. Baba ya hana a wanke babba sai an gwada: a yanko wani yanki na hoton a girman da zai fito, a wanke a 10 da 15, dala 30 maimakon jika 4. Gwajin nan ya tona abubuwa uku. Na farko, duk hotunanmu sun fi duhu a takarda, domin allo haske yake fitarwa, takarda kuwa aro take, ga mu mun saba ƙure hasken kwamfuta. Muka rage hasken allon zuwa wajen rabi muka sake gyara. Na biyu, na ɗalibi ɗaya launinsu ya fito a mace, ashe ya sa tsarin launin kyamararsa a Adobe RGB don ya ji an ce ya fi, injin shagon kuwa sRGB yake tsammani. Haka wanda ya kawo fayil ɗin NEF, wato ɗanyen hoton da kyamarar Nikon ke ajiyewa, sai da ya koma ya fitar da JPEG. Na uku nawa ne: sararin saman Madarunfa cike da ɗigo-ɗigo masu duhu kamar ƙudaje. Ƙura ce ta zauna a kan farantin da ke kama haske a cikin kyamarar. Duk wanda ke canza gilashi a fili a garin nan da hunturu yana da ita. Gane ta da sauƙi: matse ƙofar haske zuwa f/22, ɗauki farin bango ko sama, ka buɗe a kwamfuta. A hoton na share su ɗaya-ɗaya da GIMP, manhajar gyaran hoto wadda kyauta ce. A kyamarar kuma robar hura iska muka sa, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Ba a hurawa da baki, ba a sa gefen riga.

Sai maganar yanka. Irin kyamarata tana ɗauka a ma'aunin 3 da 2, ya yi daidai da 10 da 15, da 20 da 30, da 30 da 45. Ta ma'aikaciyar jinya ƙarama ce ta aljihu, 4 da 3 take ɗauka. In aka bar inji ya cika takarda da irin wannan, sai ya datse sama da ƙasa, kuma a gwaji ya cire wa wata mata rabin tulun da ke kanta. Muka ce a bar farin gefe, kada a yanke komai. Ranar wanki na gaske wuta ta ɗauke tun hantsi, muka zauna a bencin shagon har bayan la'asar. Ranar da muka so karɓo mabuɗin zaure kuma ta faɗo 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, ofisoshi a rufe. Ba mu duba kalanda ba.

Firam mai gilashi ya fi ƙarfinmu. Wani kafinta ya yanka mana siririn katako daidai girman kowane hoto, jika 25 har da fenti a gefe. Na farkon da muka manna da gam mai ruwa ya yi kumbura ya tattare, sai muka koma salatif mai manne fuska biyu. Tunda an hana ƙusa, tela ya ɗaura igiya daga taga zuwa taga, muka rataya da siririyar waya. A wurin rubuta bayanin ƙasan hoto kuma na gano agogon kyamarata ban taɓa saita shi ba, duk hotunana sun ce a 2010 aka ɗauke su. Sai da na yi ta tuna wace salla ce, wane wata ne. Kujeru da ruwan sanyi da fotokwafi da timbir suka ci wajen jika 10, saura jika 2 da rabi muka sayi sukari da ganyen shayi.

In wani zai bi wannan hanya, ga abin da zan ce masa. Ofisoshi ba su ne suka fi ba mu wuya ba, in ka rubuta takarda biyu, ka sa aka buga hatimi a taka, ka san gundumar da zauren yake, ka kauce wa Juma'a da ranakun hutu, mako biyu sun isa. Abin da ya ci mana lokaci da kuɗi duk a ranar ɗauka aka shuka shi. Yanzu in na ɗauki mutum, kafin in bar wurin ina nuna masa a allo, in tambayi sunansa da inda zan same shi, in rubuta a ɗan littafi da lambar hoton. Ba na goge memori sai na ga hotunan a wuri biyu, kwamfutar fada da kile, kuma na buɗe na tabbata 4608 ce. Ina barin ɗan fili a gefe saboda yanka. A kasafi kuma ku ware kuɗin gwaji da na ɓarna tun farko, ku kuma ware na kwafin da za ku mayar wa masu fuskokin, domin kusan kowa ya nema, mu kuwa ba mu sa shi a lissafi ba, daga aljihu muka yi.

An buɗe ranar Juma'a da yamma. Mutane sun zo fiye da zatonmu, galibi ƴan'uwa da ɗalibai da masu wucewa da suka ga ƙofa a buɗe. Wa da ƙanen Madarunfa ba su samu zuwa ba, na kai musu nasu daga baya. Inna mai ƙuli-ƙuli ta aiko jikarta ta duba ko an rubuta layin daidai. Mahayina na rataye shi a 10 da 15, tsakanin manya biyu, sai ka matso ka sunkuya kafin ka gan shi. Rana ta uku Alhaji ya zo da ɗansa. Na tare shi tun daga ƙofa na faɗa masa abin da ya faru, ban rage komai ba. Ya je ya tsaya gaban ɗan hoton, ya ciro tabarau, ya daɗe. Sannan ya ce in kwance masa shi. Na cire wayar na miƙa masa da katakonsa, ya juya shi, ya zura a aljihun gaban rigarsa, ya shiga daidai. Ya ce salla mai zuwa zai bi ta wurin nan dai, in tsaya inda na tsaya, amma in zo da wuri domin dokin ba ya son jira.